Babi na Shida: Queenston da Chippawa

A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, idan aka ambaci Queenston da Chippawa a zama ɗaya, malamin tarihi da injiniyan lantarki kowa da inda hankalinsa zai tafi. Malamin tarihi zai tuna gumurzu biyu daga cikin yaƙin da Amurka ta yi da Birtaniya tsakanin 1812 da 1814. Injiniya kuwa zai tuna tashar wutar lantarkin da aka buɗe a ƙarshen 1921 da sunan garuruwan biyu, wadda a zamaninta babu tashar ruwa mai girmanta a duniya. Shekara ɗari da 'yan kai ne tsakanin hayaƙin bindiga da rurin injin, amma abin da ya kawo soja wurin shi ne ya kawo injiniya, wato yadda Allah ya tsara ƙasar.

Kogin Nayagara gajere ne, tsawonsa kimanin kilomita 58, amma ta nan ruwan manyan tafkuna huɗu na Arewacin Amurka yake fita ya zuba a na biyar. Yana tasowa daga Tafkin Erie a kudu, ya nufi arewa zuwa Tafkin Ontariyo, kuma a wannan ɗan taƙi ruwan yana sauka mita 99. Fiye da rabin saukar a wuri guda yake yin ta, a shahararriyar magangarar da duniya ke tururuwar kallo. Ragowar kuma a kan duwatsun da ke gabanin magangarar ne, da cikin kwazazzabo mai zurfi da ruwan ya ƙwaƙule wa kansa a bayanta, mai tsawon kilomita 11. Jirgin da ya taso daga Tafkin Ontariyo yana iya hawowa har Queenston, a gindin tudu, inda kwazazzabon ya ƙare. Daga nan babu gaba. Wanda ya gangaro daga Erie kuwa dole ya ja birki a Chippawa, a bakin wani ƙaramin kogi, domin in ya ƙara gaba ruwa zai fizge shi ya kai shi inda ba a dawowa.

Saboda haka garuruwan biyu suka zama zango. A sauke kaya a Queenston, a ɗora wa keken shanu, a hau tudu, a bi hanyar ƙasa wadda ba ta cika kilomita 20 ba, a sake loda su a jirgi a Chippawa. Turawan Ingila sun buɗe wannan hanya wajen 1790, bayan tsohuwar hanyar da ke ɗaya gaɓar ta faɗa rabon sabuwar ƙasar Amurka. Gari, naman gishiri, albarushi, barguna da bindigogin da ake kai wa ƙabilun da ke ƙawance da Birtaniya a can yamma, duk ta nan suke bi. A ƙasar da daji ya fi hanya yawa, wanda ya riƙe wannan 'yar hanya ya riƙe maƙogwaron Kanada ta Sama, kamar yadda ake kiran Ontariyo a lokacin.

A ranar 18 ga Yuni 1812 Shugaba James Madison ya sa hannu a kan shelar yaƙi. A wannan shekarar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana zaune a Sifawa, Napoleon kuma yana haramar shiga Rasha. Ƙorafin Amurkawa a fili yake: sojan ruwan Birtaniya yana tare jiragensu yana kwashe matuƙa da ƙarfi, yana hana su ciniki da Faransa, sannan suna zargin Ingila da zuga ƙabilun yamma ƙarƙashin jagoransu Tecumseh. Akwai kuma kwaɗayin ƙasa, wanda ba a cika rubutawa a takardar shela ba. Da yawa a Washington sun ɗauka cin Kanada tafiya ce kawai, tunda Ingila na can Turai ta shagala da Napoleon.

Wanda aka ba ragamar rundunar Nayagara shi ne Stephen Van Rensselaer, hamshaƙin mai filaye daga jihar New York wanda bai taɓa jagorantar yaƙi ba. Janar ɗin sojan ƙasa da ke Buffalo, Alexander Smyth, ya ga bai kamata ya karɓi umarni daga farar hula mai kakin aro ba, sai ya noƙe da mutanensa. A haka, da asubahin 13 ga Oktoba 1812, Amurkawa suka fara tsallaka kogin daga Lewiston zuwa Queenston da kwale-kwale goma sha uku, cikin duhu da ruwa mai juyi. Igwar Ingilishi da ke kan tudu ta yi ta yi musu ɓarin wuta a bakin gaɓa, har wani kyaftin mai suna John Wool, da rauni a jikinsa, ya bi wata siririyar hanyar masunta da aka ɗauka ba ta hawuwa, ya ɓullo wa igwar ta baya.

Manjo Janar Isaac Brock ya ji ƙarar igwa daga sansanin Fort George, ya hau doki ya iso a sukwane. Watanni biyu kafin nan shi da Tecumseh suka karɓi Detroit ba tare da wani faɗa na a zo a gani ba, don haka sunansa ya riga ya cika ƙasar. Bai jira agaji ba. Ya tara 'yan sojan da ke kusa ya hau tudun a ƙafa yana gaba, dogo ne kuma cikin jan kaki, sai harsashi ya same shi a ƙirji. Yana da shekara 43. Mataimakinsa John Macdonell ya sake gwadawa, shi ma aka yi masa raunin da ya yi ajalinsa. 'Yan Kanada sun ɗauki Brock gwarzon ƙasa, kuma ya cancanci yabo a kan shirin da ya yi kafin yaƙi, amma hawan da ya yi a ranar ganganci ne. Janar ba aikinsa ba ne ya shiga gaban sahu da mutum ƙalilan alhali rundunarsa na kan hanya.

Waɗanda suka ceci ranar su ne mayaƙan Mohawk ƙarƙashin John Norton da John Brant. Ba su da yawa, amma suka zagaya ta cikin kurmi suka yi ta kai farmaki suna ja da baya, suna kururuwa, har Amurkawan da ke kan tudu suka kasa kafa ganuwa. Kururuwar ta tsallaka kogi. Mayaƙan sa-kai na New York da ke jiran jirgi a Lewiston suka ji ta, suka ga kuma ana dawo da masu rauni jina-jina, nan take suka tuna cewa doka ba ta tilasta musu yin yaƙi a wajen ƙasarsu ba. Van Rensselaer ya yi lallashi har ya gaji. Da la'asar Janar Roger Sheaffe ya iso da dakarun Fort George, wasu kuma suka taho daga Chippawa ta waccan hanyar keken shanu, suka matse Amurkawa a bakin kwazazzabo. Wani matashin hafsa, Winfield Scott, shi ya ɗaga farin ƙyalle. An kama fiye da mutum 900.

A cikin rundunar Sheaffe akwai wani ƙaramin rukuni na baƙaƙen fata. Wanda ya kawo shawarar kafa shi dattijo ne mai suna Richard Pierpoint, haifaffen ƙasar Bundu da ke cikin Senegal ta yau, ƙasar Fulani Musulmi. An kama shi yana saurayi wajen 1760 aka sayar da shi bawa a Amurka, ya sami 'yancinsa ta hanyar yi wa Ingila yaƙi a lokacin tawayen Amurkawa, ya zauna a yankin Nayagara. A 1812 ya doshi saba'in amma ya ɗauki bindiga, domin shi da 'yan uwansa sun san abin da zai biyo baya idan ƙasar masu bayi ta ci Kanada. A 1821 ya rubuta wa gwamnati takarda yana roƙon a mayar da shi gida Afirka a maimakon filin da ake ba tsofaffin sojoji. Ba a amsa masa ba, fili aka ba shi, kuma a Kanada ya rasu.

Shekarar 1813 ta ƙone-ƙone ce. Amurkawa sun karɓi Fort George a watan Mayu, da za su janye a watan Disamba suka cinna wa garin Newark wuta, suka bar mata da yara a cikin ƙanƙara. Ingilishi suka rama: suka ƙwace Fort Niagara, suka ƙone Lewiston, suka bi gaɓar har Buffalo. A Lewiston, 'yan ƙabilar Tuscarora da ke zaune a kan tudun bayan gari, su ƙalilan, suka sauko suka tare maharan na ɗan lokaci har mutanen gari suka samu suka tsere. Ƙauyen Tuscarora ma bai tsira daga wutar ba. A riƙe sunan wannan ƙabila, za mu sake haɗuwa da ita.

Winfield Scott ya dawo ta hanyar musayar fursunoni, kuma kunyar Queenston ba ta bar shi ba. A bazarar 1814 ya kafa sansani kusa da Buffalo ya yi ta murza sojansa da fareti da atisaye, awowi da yawa kowace rana, bisa littafin horon sojan Faransa. Shuɗin yadin kaki ya yi ƙaranci, sai aka ɗinka musu toka-toka, irin na 'yan sa-kai. Ranar 5 ga Yuli 1814, a wani fili kudu da kogin Chippawa, Janar Phineas Riall na Ingila ya hango masu tokar kaki ya ɗauka irin waɗanda suka ƙi tsallaka kogi ne. Sai ya ga igwa na cin su amma suna cike gurbi suna matsowa cikin sahu. Scott ya buɗe fikafikan rundunarsa ya sa Ingilishi a tsakiya, wuta ta ci su ta gefe biyu. Ingila ta yi asarar kimanin mutum 500 tsakanin matattu da masu rauni da kamammu, Amurka kimanin 300. Amurkawa suna ji da wannan rana domin a fili, gaba da gaba, sojansu ya kori na Birtaniya, har ana danganta tokar kakin ɗaliban makarantar soja ta West Point da ita.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru a kurmin da ke gefen filin. A can 'yan Seneca da ke tare da Amurka suka yi karo da 'yan Mohawk da sauran danginsu da ke tare da Ingila, alhali dukkansu 'yan tarayya ɗaya ne mai ƙabilu shida. Ɗan uwa ya kashe ɗan uwa a yaƙin da ba nasu ba. Bayan wannan rana dattawansu suka aika wa juna manzanni, akasarinsu suka janye daga yaƙin.

Bayan kwana ashirin aka sake haɗuwa a Lundy's Lane, wani ɗan tudu mai maƙabarta da ke kusa da magangarar. An fara da yamma aka kai tsakar dare, ana ƙwace igwa ana sake ƙwatowa, cikin duhu da hayaƙi har soja na harbin nasa. Kowane ɓangare ya yi asarar fiye da mutum 800. An raunata Scott da shugabansa Jacob Brown, an raunata Janar Gordon Drummond na Ingila, Riall kuma aka kama shi da rauni. Amurkawa suka koma Fort Erie, a watan Nuwamba suka tarwatsa shi suka tsallaka gida. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Ghent ranar 24 ga Disamba 1814 ta mayar da kowa inda yake kafin a fara. Iyaka ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Hanyar keken shanun da aka zubar da jini dominta ma ba ta yi nisan kwana ba. A 1829 aka buɗe mashigin Welland, wanda jirage ke bi su kewaye magangarar gaba ɗaya, sai ciniki ya ƙaura, Queenston da Chippawa suka koma ƙauyuka. Abin da ya rage wa Queenston shi ne hasumiyar Brock, wadda aka gina a 1824, wani ya dasa mata nakiya a 1840, aka sake gina wata mai tsawon mita 56.

Saukar ruwan da ta kasance cikas ga jirgi, ita ce dukiyar da ta rage. Iyalin Porter, waɗanda ɗansu Peter Porter ya jagoranci 'yan sa-kai da 'yan Seneca a Chippawa, su ke da filayen bakin magangarar a ɓangaren Amurka, kuma su suka yi ta neman masu kuɗin da za su haƙa magudana a juya injinan masana'antu. An haƙa, masu ita suka yi ta karyewa, har Jacob Schoellkopf ya saye ta a 1877. Amma injin da ruwa ke juyawa sai a bakin ruwa, kuma garin Nayagara ba shi da masana'antun da za su shanye ko kaɗan daga ƙarfin kogin. Kasuwa tana Buffalo. Tambayar ita ce yadda za a kai ƙarfin can.

A nan aka yi wani yaƙin, na 'yan kasuwa. Thomas Edison, wanda ya buɗe tasharsa a New York a 1882, yana sayar da wuta mai tafiya hanya ɗaya, wadda masu gyaran wuta ke kira DC. Aibinta shi ne ba ta nisa, bayan kilomita ɗaya ko biyu ta raunana a cikin waya. George Westinghouse kuwa ya rungumi wuta mai kai-komo, wato AC, ya kuma sayi haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla. Ita wannan ana iya ɗaga ƙarfin turinta da taransfoma a aika ta nesa ba tare da asara mai yawa ba, a sauke shi idan ta isa. Ɓangaren Edison ya koma tsoratar da jama'a. Wani Harold Brown ya riƙa kashe karnuka da AC a gaban 'yan kallo, aka kuma yi ƙulle-ƙulle har kujerar kisa ta farko ta yi aiki da janaretan Westinghouse. Mutumin da aka fara kashewa a kanta a watan Agusta 1890, William Kemmler, a Buffalo ya yi laifinsa, kuma likitan haƙorin da ya kawo dabarar kujerar ma mutumin Buffalo ne.

Masu kuɗin da ke bayan aikin Nayagara, irin su J. P. Morgan, ba tsoro ya dame su ba, lissafi ne. Shugaban kamfanin nasu, Edward Dean Adams, ya kafa kwamitin masana na ƙasa da ƙasa a 1890 ƙarƙashin masanin Birtaniya da aka fi sani da Lord Kelvin. An duba kowace irin shawara, har da ta tura ƙarfin ruwan zuwa Buffalo da matsattsiyar iska a cikin bututu. A 1893, shekarar da Westinghouse ya haskaka bikin baje kolin duniya na Chicago, aka yanke shawara a kan AC, aka ba shi kwangilar janaretoci masu ƙarfin doki 5,000 kowanne. Tashar ta fara aiki a 1895, kuma abokan cinikinta na farko masu narka alminiyam ne da masu yin dutsen wasa ƙarfe. A tsakiyar Nuwamba 1896 wuta ta isa Buffalo a kan bolt 11,000, kuma kamfanin General Electric, magajin kamfanin Edison, yana cikin waɗanda suka yi aikin layin. Gardama ta ƙare ke nan.

A ɓangaren Kanada ma kamfanoni uku masu zaman kansu suka kafa tashoshi a bakin magangarar, biyu na Amurkawa, ɗaya na attajiran Toronto. Ontariyo ba ta da kwal, daga Pennsylvania take saye, kuma da ma'aikatan haƙar kwal na can suka yi dogon yajin aiki a 1902, masana'antun Ontariyo suka ɗanɗana kuɗarsu. Masu ƙananan masana'antu a garuruwan lardin suka fara tambaya: ga ruwa a ƙofar gida, don me za a bar shi a hannun mutum uku su sayar wa Amurka, ko su tsuga mana kuɗi? Wanda ya ɗauki wannan magana ya mai da ita tasa shi ne Adam Beck, magajin garin London ta Ontariyo, mai masana'antar akwatunan sigari. A 1906 aka kafa hukumar lantarki ta lardin, mallakar jama'a, shi ne shugabanta. Ranar 11 ga Oktoba 1910 ya kunna wutar Nayagara a garin Berlin na Ontariyo. Wannan garin, da yaƙin duniya ya sa sunan Jamus ya zama abin ƙyama, an sake masa suna a 1916 zuwa Kitchener, sunan janar ɗin nan da ya ci Omdurman ta Sudan a 1898.

Yaƙin duniya na farko shi ya haifi tashar Queenston da Chippawa. Masana'antun harsashi da na sinadarai suka shanye duk wutar da ake da ita. Ƙarin ruwa kuma babu, domin yarjejeniyar ruwan iyaka ta 1909 ta ƙayyade abin da kowace ƙasa za ta ɗiba: Kanada ƙafa kubik 36,000 a daƙiƙa, Amurka 20,000. Ƙarfin da ake samu daga ruwa kuwa abu biyu ne ke haifar da shi, yawan ruwan da tsawon faɗuwarsa. Tashoshin da ke bakin magangarar suna cin moriyar mita 40 zuwa 55 ne kawai daga cikin 99 ɗin nan, sauran yana tafiya a banza a kan duwatsu da cikin kwazazzabo. Injiniyoyin Beck suka ce to a ɗebi ruwan tun daga sama inda bai fara gangara ba, a riƙe shi a kan tudu, a kai shi har ƙarshen kwazazzabo, sannan a sake shi. Da ruwa ɗaya za a sami wuta kusan ninki biyu. Da suka duba taswira, inda ruwan bai fara gangara ba shi ne Chippawa, inda ya gama kuma shi ne Queenston. Iyakokin da suka tsayar da jirgi su ne iyakokin da injiniya ke nema.

An fara aiki a 1917. Kogin Chippawa, wanda ake kuma kira Welland, da can yana zuba ne a cikin Nayagara. Aka yashe ƙarshensa aka juya shi, ya koma yana jan ruwan Nayagara yana shiga da shi cikin ƙasa. Daga nan aka fasa dutse aka haƙa magudana ta ratsa bayan birnin da ke bakin magangarar, ta gitta titin Lundy's Lane, ta nufi arewa. Tafiyar ruwan duka kimanin kilomita 20 ce, kuma a ƙarshenta yana faɗawa cikin manyan bututu daga tsayin kusan mita 90 zuwa injinan da ke gindin kwazazzabo, ɗan kudu da hasumiyar Brock. Dubban leburori suka yi aikin, da manyan shebur masu aiki da lantarki da jirgin ƙasa na kwasar ƙasa. Ma'aikata sun yi ƙaranci saboda yaƙi, kaya sun yi tsada, dutse ya fi yadda aka zata tauri. Kuɗin ya ninka kiyasin farko sau da yawa, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1922. Kwamitin ya soki yadda Beck ke gudanar da hukumar tamkar gonarsa, amma bai same shi da cin kuɗi ba, kuma ya yaba ingancin aikin. Beck mutum ne mai taurin kai da ba ya son a tambaye shi lissafi, sai dai da wuya mai sanyin hali ya iya ƙwace kogi daga hannun attajirai. Ya rasu a 1925. Zuwa 1930 injina goma na aiki, a 1950 kuma aka cire sunan garuruwan biyu daga tashar aka sa nasa.

Gadon Westinghouse ya zo da wata 'yar matsala. Wutar Nayagara ta farko tana kai-komo sau 25 a daƙiƙa, abin da ya dace da manyan injina amma yake sa ƙwan fitila yin ƙyaftawa. Sauran nahiyar ta tsaya a kan 60. Daga 1949 zuwa 1959 ma'aikatan hukumar suka bi kudancin Ontariyo gida-gida suna canza motar firji da injin wanki da agogon bango, miliyoyin kaya, kafin lardin ya daidaita da maƙwabtansa.

A 1950 ƙasashen biyu suka sake zama a kan ruwan. Sabuwar yarjejeniyar ta juya lissafin: maimakon a faɗi abin da za a ɗiba, sai aka faɗi abin da dole a bari ya zuba a magangarar, wato ƙafa kubik 100,000 a daƙiƙa da rana a lokacin 'yan yawon buɗe ido, rabin haka da dare da lokacin sanyi. Sauran a raba daidai. Wanda ya je kallon Nayagara yau, abin da aka ga dama aka bar masa yake kallo. Kanada ta buɗe tasha ta biyu a Queenston a 1954. Amurka ta tsaya jayayyar wa zai gina, gwamnati ko 'yan kasuwa, har ranar 7 ga Yuni 1956 da bangon kwazazzabo ya rufto a kan tashar Schoellkopf ya jefa akasarinta cikin kogi. Nan da nan aka daina gardama, aka miƙa aikin ga hukumar lantarki ta jihar New York ƙarƙashin Robert Moses, aka zaɓi Lewiston, garin da kwale-kwalen Van Rensselaer suka taso.

Tashar na buƙatar tafkin ajiye ruwan dare, Moses kuma ya ɗora yatsansa a kan ƙasar Tuscarora. Mutanen da kakanninsu suka tare wa Lewiston mahara a 1813 suka fito a 1958 suka tsaya a gaban motocin masu awo, mata da maza, aka kama wasu. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, a 1960 alƙalai shida suka goyi bayan gwamnati, uku suka ƙi. Hujjar masu rinjaye ita ce wannan fili Tuscarora sayen sa suka yi da kuɗinsu, ba gwamnati ce ke riƙe musu shi amana ba, don haka kariyar da doka ta yi wa filayen ƙabilu ba ta hau kansa ba.  Mai shari'a Hugo Black, a hukuncinsa na saɓani, ya tunatar da ƙasar cewa ta yi wa mutanen nan alkawari. Ruwa ya rufe kimanin eka 550 na ƙasarsu, tashar ta fara aiki a 1961. Ƙarfinta ya haura megawat 2,400, fiye da ninki uku na megawat 760 da aka kafa a Kainji.

Yanzu tashoshin biyu suna fuskantar juna a kan kogin, wayoyi sun haɗa su, kuma haɗin yana da nasa haɗari. Ranar 9 ga Nuwamba 1965, da ƙarfe 5:16 na yamma, sanyi ya sa buƙatar wuta ta ƙaru a Toronto. A tasha ta biyu ta Queenston akwai wata 'yar na'urar kariya da aka saita tun 1963 a kan adadin da ya yi ƙasa, masu kula da tashar kuma ba su san da haka ba. Ta yanke ɗaya daga cikin layuka biyar da ke tafiya Toronto. Nauyin ya koma kan sauran huɗun, su ma suka yanke cikin daƙiƙoƙi, wutar da ta rasa hanya ta kwarara ta tsallaka kogi zuwa New York, tashoshi suka yi ta kashe kansu ɗaya bayan ɗaya. Mutum miliyan 30 suka shiga duhu a Ontariyo da jihohin arewa maso gabashin Amurka, wajen 800,000 suka maƙale a jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin New York, wasu unguwannin sai bayan awa 13 suka ga wuta. An kwashe kwanaki ana bincike kafin a gano na'urar, kuma a 1968 kamfanonin lantarki suka kafa majalisar da ke tsara ƙa'idojin tsaron layuka, wadda ta haɗa na Amurka da na Kanada.